Taliyar Luba Tana Gona

Ku aje wayoyin nan, ku matso bakin tabarma, ku ara mini kunnuwanku, in na ƙare in maida muku abinku. Abin da za ni faɗi ba tatsuniya ba ce, kada wanda ya yi mini barci. Ni ce Tumba mai taliya, ta nan Tambuwal, kakarku. Jiya na ji Hafsatu tana gaya wa ƙawarta wai taliya ba sana'a ba ce, gari ne da ruwa, a zuba wa inji a juya. Ban tanka ba, bakina da goro. Yau na tofar.

Aikin farko da anka ba ni cikin sana'ar nan ba kwaɓi ba ne, tsintar tsakuwa ce. A Jabo anka kai ni aure, gidan kakanku. Uwarsa, wadda muke ce wa Inna, ita ce mai taliyar garin. Ta aje mini faifai da ƙwaryar alkama, ta ce in tsince. Alkama a ƙasa ake sussukarta, tana zuwa da tsakuwa mai launinta, ido ba shi rarrabewa sai yatsa. In na ce na ƙare, sai Inna ta tura hannu cikin ƙwarya, ta lalubo, ta aza mini tsakuwa bisa tafi, ta koma ɗaki. Sanyin shekarar nan duka a kan faifai na ci shi. Wata rana ta tura hannu, ta daɗe tana lalube, ta fiddo shi wayam. Ta ce, "Gobe ki zo da hannu wankakke."

Lokacin babu inji, murji ake yi. A kwaɓa gari da gishiri da ɗan ruwan kanwa, kwaɓi mai tauri wanda sai kin hau shi da nauyin jikinki. A rufe shi da jiƙaƙƙen ƙyalle shi huta, don kwaɓin da bai huta ba faɗa shike da hannu. Sannan a kifa ƙwarya, a tsinko ɗan guntu, a murza shi tsakanin tafi da bayan ƙwarya har shi yi siriri awa tsinken tsintsiya. Mata mu zauna da'ira tun hantsi. Wadda tata ta yi kauri, Inna ta ɗaga ta sama ta ce, "Wa ya murzo igiyar ɗaurin jaki?" A yi ta dariya, mai ita ta sake.

Alkamar kuma ba kowace ba. Akwai fara, mai taushi, ta alkaki da fankasau. Akwai ja, 'yar gajerar ƙwaya, wadda ake nomawa a fadamar Fakku can ƙasar Kebbe. In kin cije ta sai ta ce ƙas, cikinta ya fito garau awa ƙaro. Ita ce ta taliya. Taliyarta tana shiga tafasasshen ruwa ta fito da ƙafarta, sili-sili, ba ta caɓewa, ko ta kwana a langa. Mai noma mana ita Nomau ne, ɗan wan Inna, abokin wasan kakanku. Shi ya gaji irin daga ubansa.

Akwai abu guda da Inna take yi duk shekara. In sabuwar alkama ta zo, kafin a kai ko ƙwaya ga dutsen niƙa, sai ta zaɓi mafi kyau, ta shanya ta bushe ƙayau, ta cuɗe ta da toka, ta cika wata babbar tukunya, ta kifa kasko, ta liƙe bakin da laka. Ba a buɗewa sai wata sabuwar ta shigo gida. Na tambaye ta dalili. Ta ce, "Manomi yana iya rasa iri. In ya rasa, shi ya koma ga albasa. Ke fa, ki koma ga mi?" Da za ta rasu, tukunyar ta bar mini.

Da kakanku ya samu aikin masinja a sakatariya, munka dawo Tambuwal. Nan na sayi injin hannu, wancan da kuke gani ɗaure ga benci. Kada ku ɗauka inji ya rage aiki, hanzari kawai ya ƙara. Sai kin bi da kwaɓi ta bakin mai faɗi, ki ninke, ki sake bi, ki ninke, har shi yi santsi awa kunnen ɗan akuya, sannan ki matse bakin kaɗan-kaɗan, sannan ki kai shi ga haƙora su tsaga. Ki tarbe da hannun hagu, ki barbaɗa gari, ki rataya ga igiya cikin inuwa. Cikin inuwa na ce. Rana tana busar da bayanta ta bar cikinta, ki taɓa ta karye.

Wata walimar dawowa daga Makka na taɓa karɓar aiki, na aika alkama injin niƙa. Ashe gero anka niƙa kafin tawa. Garin geron da ya maƙale cikin inji ya bi nawa, ido bai gani ba. Ina ratayawa tana zubowa ƙasa gutsi-gutsi. Tun daga ranar, mudun farko daban nike tara shi, shi ne wankin inji, shi tafi ga fankasau. Na bayansa ne na taliya.

Masu sayena yawanci matan ma'aikata ne, matan malaman makaranta da na asibiti. Su ɗanya suke so, wadda anka tsaga da safe a dafa da rana, da manja da yaji da ɗan wake. Ba na yin da yawa. Abin da hannuna ya iya kafin azahar, shi ke nan, wanda ya makara sai gobe. Busassa kuwa ta gara ce da ta matafiya.

Cikinsu duka babu kamar Hajiya Ige, tsohuwar ungozoma ta bayan kasuwa. Shekara da shekaru tana cin taliyata, ba ta taɓa cewa ta yi daɗi ba. Kullum saƙonta guda: "A gaya wa Tumba gishiri ya yi kaɗan." In na ƙara, ta ce ya yi kaɗan. In na rage, ta ce ya yi kaɗan. Sai na gane gaisuwarta ke nan. To, ita ta riƙi ɗan ƙanenta, Malam Sani, tun yana goye har ya zama malamin firamare. Shi ne ya nemi Luba, autata. Kun san su, ai ga ɗiyansu nan zaune cikinku. Tun da anka sa rana Hajiya take yawo gidajen suna tana cewa, "Mun ɗauko ɗiyar mai taliya. Ranar gara kowa shi zo da langarsa."

Shekarar ce gulbi ya yi ambaliya. Ruwa ya shiga gefen Fakku na bakin fadama, ya jiƙa gindin rumbuna, sunka zauna ƙasa. Rumbun Nomau yana ciki. Alkamar da ya aje ta iri, da wadda ya aje mini ta bayan damina, duk ta sha ruwa, ta tsiro cikin laka, ta ruɓe. Maƙwabtansa masu irin ja, su ma haka. Labari ya iso mu, munka aika jaje. Tawa ta aiki kuwa ta ƙare tun kafin kaka. Na rufe inji da tsumma. Ya rage saura tukunyar Inna, ga biki ana sa ran shi farkon sanyi.

Na yi lissafina na mace. Na ce shekara nawa nike liƙe tukunyar nan, ba a taɓa nemanta ba. Nomau mutum ne mai jama'a, zai samo iri wani wuri. Ɗiyar mai taliya kuwa ba a kai mata gara babu taliya. Na fasa lakar, na sheƙe tokar, na baza alkamar bisa tabarma tsakar gida. Ba ta cika buhu ba, amma ta isa garar fita kunya. Na tsince ta tas. Niyyata da safe in wanke, in shanya, a kai inji. In ruwa ya taɓa ta, ta tashi daga iri.

Da la'asar sai ga sallamar Nomau, ya zo cin kasuwa. Kakanku ya shigo da shi yana tsokana.

"Ga sarkin noman da kifi ya cinye wa rumbu!"

"Gara ni kifi ya ci nawa," in ji Nomau. "Kai mi kaka da shi da za a ci, in ba keken gwamnati ba?"

Sunka yi dariya, amma tasa ba ta kai ciki ba. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na kawo ruwa, munka gaisa. Sai idonsa ya faɗa kan tabarma. Ya tashi ya tsuguna, ya ɗauki ƙwaya guda, ya cije. Ta ce ƙas. Ya daɗe yana tauna.

"Matarmu, wagga ta bara ce?"

"Ta bara ce. Ta tukunyar Inna."

"Allah shi jiƙan Gwaggo," ya ce. Ya karkaɗe hannunsa bisa tabarmar don kada ƙwaya ta bi shi, ya koma ya zauna.

Kakanku ya ce, "Ka samu iri?"

"Fara dai ga ta nan ko'ina, har ana rabawa. Ja kuwa na je Kebbe, na je Jabo, na bi ƙauyukan gulbi. Wanda bai niƙe tasa ba, ruwa ya ci. Ba komai. Albasa ma abinci ce." Sai ya juyo gare ni. "Yaushe ne bikin ɗiyar tawa?"

Bai roƙa ba. Har ya hau mashin ɗin da zai kai shi masauki, bai roƙa ba. Ya san ta gara ce.

Kakanku ya dawo daga rakiya ya ce, "Ke, tukunyarki ce, ba ni sa baki. Amma ga fulawa nan cike da kanti. Ki yi da ita mana, wa zai sani?"

Na ce, "Hajiya Ige za ta sani tun daga ƙamshin ruwan dahuwa. Kuma duk wanda ya ci a gidan biki, sunana zai ci."

Na kira Luba ɗaki. Na ce mata ga yadda ake ciki: in an niƙa, ta samu gararta cikakka, amma ja ta ƙare a ƙasar nan, ba a sake ganinta. In an ba Nomau, gararta ta tafi babu taliya, sai alkama ta nuna, wajen ƙarshen sanyi, in Allah ya sa ta yi. Na ce, "Ke za ki zauna cikinsu, ba ni ba. Ki faɗi."

Ta daɗe tana murza bakin gyalenta. Ta ce mini, "Za su yi ta yi da ni."

"Za su yi."

"Baba Nomau ya tabbata za ta fito?"

"Ba shi da tabbas. Sai dai shi shuka."

Ta saki bakin gyalen. Can ta ce, "A kai masa. Amma ke za ki gaya wa Hajiya, ni ba ni iyawa."

Da safe kakanku ya ɗaura buhun bayan keke ya kai masa tasha kafin motar Kebbe ta cika. Ya ce Nomau ya rungume buhun bisa cinya, ya hana yaran mota su sa shi cikin kaya.

Ni kuma na yafa mayafi na nufi bayan kasuwa. Na iske Hajiya tana yankan kuɓewa. Na zayyana mata komai. Ba ta aje wuƙar ba.

"To, Tumba, matan da na gayyato fa? Alkawari za ni zuba wa manja su ci?"

"Hajiya, a yi haƙuri. Jinkiri ne."

"Jinkiri! Sai da na cika gari da baki. Ashe ɗiyar mai taliya munka ɗauko, taliyar tana wajen wani ƙato a Fakku." Ta ci gaba da yanka. Da na miƙe za ni fita ta ce, "In ba ta fito ba fa?"

Na ce, "In ba ta fito ba, na aje sana'a, ki samu abin faɗi har ƙarshen rayuwa."

Anka yi biki. Anka kai gara: shinkafa, gero, man shanu, manja, nakiya, alkaki na farar alkama, ba abin da munka rage. Ƙanwata ce ta jagoranci masu kaiwa. Matan gidan sunka bi kwalla-kwalla suna buɗe murfi. Wata ta ɗaga murya ta ce, "Ina taliyar?" Ƙanwata, da ba ta iya ƙarya ba, ta ce, "Tana gona." Gida ya ɗauki shewa. Daga ranar sunan Luba ya ɓace a gidan nan, sai Tanagona. Tanagona kawo ruwa. Tanagona an yi mata ban ruwa yau? Yara ma sunka ɗauka. In ta zo gaishe ni ba ta kawo ƙara, sai dai ta tambaya, "An ji daga Fakku?"

Abin da ake ji daga Fakku ba mai kwantar da rai ba ne. Alkama sanyi take so, shekarar kuwa sanyi ya yi nawa. Ta tsiro, ta tsaya awa mai shawara. Nomau ya aiko cewa shi da ɗiyansa suna ban ruwa ba fashi. Sannan sanyi ya sauko sosai, har manja ya daskare a kwalba, ni ban taɓa murnar ɗari irin ta shekarar ba. Ta yi zangarniya. Sai jan-baki sunka sauka, tsuntsayen nan masu zuwa awa hadari. Gidan Nomau kaf sunka koma gona da gwangwanaye da majajjawa, tun fitowar rana har faɗuwarta. Gefe guda na gonar dai tsuntsu ya gama da shi.

Ni a nan ba taliya. Masu saye sunka yi ta aike, na ce babu. Waɗansu sunka koma ta leda, waɗansunsu ba su dawo ba har yau. Na koma soya ƙosai a ƙofar gida. Lokaci-lokaci in buɗe injin in shafa masa man gyaɗa don kada shi yi tsatsa.

Da zafi ya fara leƙowa, ranar wata kasuwa, sai ga Nomau da buhu. Ya dire shi tsakar gida ya ce, "Matarmu, ba ta yi yawa ba. Na fidda iri, na ɗiba wa maƙwabtana na shuka, ga naki." Na tura hannu, na cije guda. Ta ce ƙas.

Luba ta aiko a tambaya ko gobe. Na ce a'a. Na zaɓi mafi kyau, na shanya, na cuɗe da toka, na cika tukunyar Inna, na liƙe. Sauran kuma na bar ta ta huce, don sabuwar alkama ɗanyen jini gare ta, kwaɓinta ba shi riƙe kansa. Kakanku ya ce, "Ke dai sai kin kashe yarinyar nan da jira." Na ce wanda ya jira sanyi guda, bai gaza 'yan kwanaki.

Ranar aikin tun asuba na tashi. Na yi busassa ta cika kwalla, igiyoyi sun cika rumfa har sai an sunkuya ake wucewa. Ranar kaiwa kuma na yi ɗanya, na jera ta bisa faifai na rufe da farin ƙyalle. Ƙanwata ta sake jagora. Ta ce da sunka shiga, ta dire kwalla ta ce, "Ga ta, ta dawo daga gona." Hajiya ba ta bar kowa ya taɓa ba, da kanta ta ɗora ruwa. Ta dafa, ta tsame, ta zuba manja da yaji. Ta ɗaga sili guda sama tana dubawa, bai tsinke ba. Ta ci loma, ta ci ta biyu. Matan gida sunka zuba mata ido. Ta ce, "A gaya wa Tumba gishiri ya yi kaɗan." Sannan ta tura langar gaban Luba ta ce, "Ci, ɗiyata. Taki ce."

Kun san ba a maido kwallar gara wayam. Da anka maido tawa, na ji ta da nauyi. Na buɗe, sai ga sabuwar tukunya, babba, ginin hannu, da kaskonta. Mai kawowa ta ce, "Hajiya ta ce ki riƙa liƙe biyu. Wai tana da sauran jikoki mata, ba ta son a sake kai mata magana gona."

Nomau ya yi shekaru yana noman ja, har idonsa ya raunana. Ya rasu a Fakku, ɗansa ke riƙe da fadamar, shi ke kawo mini yanzu in hanya ta yi daɗi. Kakanku ya yi ritaya, ya yi jinyar ƙafa, Allah ya karɓi abinsa, kekensa na nan rataye a zaure. Ƙanwata tana Jabo, har yau ba ta koyi ƙarya ba. Hajiya Ige ta tsufa ƙwarai, haƙoranta sunka zube, taliya kaɗai take iya ci. Luba ce ta yi jinyarta, a hannunta ta cika. Malam Sani ya zama hedimasta. Luba kuwa kun san inda take, tana gida tana jiran ɗiyanta su koma, kuma yau kun ji dalilin da ya sa tsofaffin bayan kasuwa suke ce mata Tanagona, ta amsa.

Tukwanen biyu suna ɗakina bayan gado, a liƙe. Ni hannuna ya fara rawa, laka ba ta kama mini kamar da. Labari ya tsaya nan, ga kunnuwanku na maida. Hafsatu, ke kuma ga faifai can jingine ga randa. Da safe ki ɗauko shi.